Ranar da Na Kira Sunansa a Rediyo

Abin ya faru ne a daminar da ta biyo bayan rasuwar Hajiya Babba, uwar mijina, wato daminar da ruwa ya shigo mana tsakar gida har ya ɗauki turmi ya kai shi ƙofar masallacin lungunmu. A lokacin Zainabu, autata, ba ta yi aure ba, kakanku yana da ƙafarsa yana haye gada zuwa kasuwar Grand Hangar sayar da goro, 'yan benskin kuwa ba su cika unguwarmu ta New Bell a nan Duwala da baburansu na haya kamar yadda suka cika ta yanzu ba. Kada ku tambaye ni lambar shekara, ni ba da lamba nake riƙe zamani ba. Na sa jikata Rabi ta zauna ta rubuta wannan ne saboda ku 'ya'yansa, tunda na ji kun tono wata tsohuwar jarida a cikin wayoyinku, kuna karanta wa juna wai kakarku ta ƙi ubanku da kiɗansa. To ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita.

Babanku shi ne ɗan farina. Mu yadda muka taso, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta ɗaga shi ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Uwata ta yi wa yayana haka tun kafin su baro ƙasar Katsina, ni ma na yi, kuma na yi ta fiye da kowa a lungun nan, a tambayi duk wanda ya san ni. Ana yaye shi Hajiya Babba ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. In ina son aikensa sai in ce, "Kai, ɗan Hajiya." In ya ci jarrabawa ita ce mai guɗa. In ya yi zazzaɓi ita ce mai kuka a fili. Nawa aikin shi ne in tura masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo inda 'yan'uwansa ba za su gani ba, in kau da kai. Ya san haka, na san ya sani, kuma ba mu taɓa rasa komai ba, domin duk abin da bakina ya riƙe bakin Hajiya yana faɗa.

Ya girma ya koyi gyaran firji a wani shago a unguwar Akwa, kuma can ne gita ta same shi. Su huɗu ne. Shi ne mai waƙa da gita. Akwai Ekwala, ɗan Duwala, mai ganguna, yaro mai surutu da cin waina kamar an aiko shi. Akwai Buba, Bafulatanin Garwa, mai wata gita mai kaurin murya wadda ake ji a ciki kafin a ji ta a kunne. Sai Mari, 'yar ƙabilar Bamileke, siririya, ba ta magana amma in ta taɓa tata gitar kamar ana yanka kwano da almakashi. A garejin kawun Ekwala suke haɗuwa a Ndogbong, suka sa wa kansu suna Ruwan Kwano, wai kiɗansu haka yake, kamar ruwan Duwala in ya sauka a kan rufi. Irin kiɗan da suke kira rok ne. Ba wani kamfani a bayansu, ba wani Alhaji da ya tsaya musu, su suka yi komai da hannunsu bayan sun tashi daga aiki.

Maƙwabta suka kai wa kakanku ƙara, wai ɗansa ya zama makaɗi. Kun san halinsa. Ya gama ɓare goronsa tukuna, sannan ya ce:

"Yana sallah? Yana gyaran firjinsa? To sauran tsakaninsa da kunnuwan mutane."

Hajiya Babba kuwa sa shi take yi ya zo ya kaɗa mata a bakin gado ba tare da lantarki ba, tana tafi da hannuwan nan nata da suka ƙanƙance, tana cewa duk Kamaru ba a haifi kamarsa ba. Ni ina ji ta bango ina tsince shinkafa. Allah bai nufa ta ga faifan waƙoƙin da suka yi ba. Ta rasu da azumi, faifan ya fito da ruwan farko.

Ranar da ya kawo shi, Juma'a ce, don duk Juma'a bayan masallaci a gidan nan yake cin abinci ko da ya kama ɗakin haya. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya miƙo wani abu mai ƙyalli a cikin kwali. A jikin kwalin hoton ƙofar gidanmu ne, har da tandar wainata a gefe.

"Adda, ga wannan."

"Ajiye can," na ce, ban ɗaga kai ba.

Yana fita na ce wa Zainabu ta kawo na'urarta ta sa mini, ta rage murya. Daga ranar kullum da shi nake buga ƙullu kafin gari ya waye sosai. Da farko kaina ya yi ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma kunne yana sabawa, sai na fara jin inda Buba yake riƙe su kada su watse, da inda Mari take shigowa kamar mai faɗa. Wasu waƙoƙin da Hausa, wasu da Faransanci, ɗaya da Turancin kasuwa. Da aka zo ta huɗu sai na ajiye muciya. Waƙar dakan uwata ce, wadda nake yi a tsakar gida in ina surfe, ya ɗora ta a kan gitoci. Ban taɓa koya masa ba. Ashe duk shekarun nan da nake jinsa ta bango, shi ma yana jina.

Sai masu magana suka fara magana. A garin nan akwai mutanen da aikinsu kenan, su saurari kiɗan wani su faɗi ko ya yi ko bai yi ba, a jarida ko a rediyo, kuma ana jin maganarsu. Zainabu ce take karanta mini tana juyawa da Hausa. Wata mata mai shiri a rediyo ta ce ba ta taɓa jin Hausa ta zauna daram a kan gita irin haka ba. Wani ya rubuta cewa yara ne masu kwaikwayon Turawa, kuma mai gangarsu yana gudu kamar an biyo shi. Wani ya ce abin ba makosa irin ta 'yan Duwala ba ne, ba kiɗan arewa ba ne, ba shi da gida. Babanku yakan zo ranar Juma'a da jaridun a naɗe a aljihu, ya ce ai shi bai damu ba, alhali ya karanta su har sun yi laushi.

Wata safiya ina bakin tanda, mata sun kewaye ni da kwanoninsu, sai ga wani dogon mutum mai tabarau ya sauko daga benskin yana tsallake ruwa. Ɗan jarida ne, mutumin kudu, ya biyo hoton da ke jikin kwalin har ya gano ƙofar. A cikin matan akwai Gwaggo Asabe, yayar kakanku, wadda ko ƙudan da ya sauka ba daidai ba sai ta gyara masa zama. Mutumin ya gaishe ni da ladabi, ya ce "Bonjour, Maman," Zainabu ta fito ta tsaya tsakaninmu tana yi mana tafinta.

"Inna, wai ke ce mahaifiyar mai waƙar?"

Na juya waina. Na ce, "Ki ce masa ɗan Hajiya ne."

"Wai kin saurari faifan? Yaya kika ji shi?"

Na ji idon Gwaggo Asabe a wuyana. Ko ba idonta ma, amsar da na iya kenan tun ina yarinya.

"Hayaniya dai muke ji," na ce.

Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar da ake yi wa wanda ya yi daidai. Gwaggo Asabe ta ce, "Kun ji 'yar halak." Na zuba wa baƙon waina da yaji, ya ci ya yaba, ya rubuta abin da zai rubuta ya tafi. Da Hajiya Babba tana raye, ɗakinta zan nuna masa, ya shiga ya ji yabo har alƙalaminsa ya gaji. Amma ɗakin a rufe yake, ni kuwa ban tuna cewa rabin maganar gidanmu ya bi ta kabari ba.

Da jaridar ta fito, Zainabu ta karanta ta a tsaye, ta kai tsakiya ta zauna. Ya yabi faifan fiye da duk wanda ya taɓa yabonsa. Ya ce tun da ya fara wannan aiki bai ji kukan zuciya irin wannan ba, kuma ya gano daga ina kukan ya fito: ya je har gidan, uwar ta ƙi amsa cewa ɗanta ne, ta kira aikinsa hayaniya, matan unguwa suna dariya. Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Sai dai maganar ta kama kamar wuta a rumfar kasuwa. Gidajen rediyo suka ɗauka, samarin Akwa suka fara neman faifan yaron da uwarsa ta ƙi, waɗanda suka ce ba shi da gida suka dawo suna cewa ai rashin gidan ne daɗinsa. Ekwala ya zo cin waina yana washe baki, wai yanzu ko'ina an san su.

Juma'a ta zo, babanku bai zo ba. Ta sake zagayowa, bai zo ba. Na yi tuwo na tura nama a ƙarƙashi kamar yadda na saba, na ba Zainabu ta kai masa shago. Ta dawo da kwano a wanke, ta ce abokan aikinsa ne suka ci. Na ce me ya ce. Ta yi ta kewaye-kewaye, sai da na daka mata tsawa.

"Cewa ya yi ya san kunya ce, ba sai an gaya masa ba. Amma wai da Inna Hajiya ake tambaya, yanzu wa za a tambaya? Kuma wai..."

"Wai me?"

"Wai shi kansa bai sani ba ko kunyar ce kaɗai."

Wannan ita ce maganar da ta zauna mini a ƙirji. Mutum ya kai shekarun da ya kai, yana da gemu, bai san ko uwarsa tana jin daɗin abin da ya yi ba. Kuma in an bi gaskiya, ta ina zai sani? Na samu kakanku yana jera goro a ganye, na ce, Malam, ka ji abin da ɗan Hajiya ya ce. Ya ce ya ji. Na ce matar nan ta rediyo za ta tara yaran ranar Asabar da rana, su da ɗan jaridar, a yi hira a kan faifan, kuma ina so in je.

"In kin je me za ki ce?"

"Abin da Hajiya za ta ce."

"Hajiya kakarsa ce. Ke kin san abin da matan lungun nan za su yi da ke."

Na ce na sani. Na ce a gaban garin nan duka aka gaya masa uwarsa ba ta sonsa, in na kira shi ɗaki na yi masa raɗa, zai ɗauka lallashi ne. Malam ya mayar da kansa kan goronsa, ya ce in ɗauki lema, da alamar hadari.

Na ɗaura atamfata ta zuwa suna, muka tari tasi mai rawaya ni da Zainabu, aka cusa mu da wasu mata masu kwandon kifi har Akwa. Gidan rediyon bene ne, ban taɓa hawa irinsa ba. A kan matakala muka ci karo da Ekwala. Yana ganina ya gane abin da ya kawo ni, yaron ba wawa ba ne. Ya haɗa Hausarsa ta 'yan kasuwa da Faransanci yana roƙona.

"Maman, s'il te plaît, labarin nan shi ke tafiyar da faifan. Ki bari ya ƙara kwana kaɗan."

Na ce, "Ekwala, ka sayar da gangarka, ba ni ba. Matsa in wuce."

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da wani abu kamar katifa. Babanku yana ganina ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a ƙasa. Matar mai shirin, Allah ya saka mata, ba ta yi wata-wata ba ta jawo mini kujera ta turo abin magana gaban bakina. Ta ce ga mahaifiyar da ake ta magana a kanta ta zo da kanta, me za ta ce? Zainabu ta matso za ta juya musu da Faransanci, amma na san Hausawan New Bell da na Bonaberi ba sa buƙatar tafinta, kai tsaye za su ji ni. Sunan nan ranar da aka raɗa masa shi kawai na ji shi na haɗiye, bai taɓa bi ta harshena ba. Na yi bisimilla a zuci, na ce:

"Nuhu ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari. Faifansa kullum da shi nake tashi, babu waƙar da ban haddace ba. Yaron ya iya, kuma ina alfahari da shi."

Da na ga na faɗa ban mutu ba, sai harshena ya saki. Na gaya musu yadda muke yi da ɗan fari, da yadda Hajiya Babba take. Na ce wanda ya rubuta cewa mai ganga yana gudu bai yi ƙarya ba, a waƙa ta biyu kam kamar ya bar tukunya a wuta. Aka yi dariya, har Buba da ba ya dariya. Na ce ta huɗu kuwa ta uwata ce, kuma ya bar baiti ɗaya a baya, amma ba laifinsa ba ne, wannan baitin a hankali nake yinsa, ba ya ƙetare bango. Matar ta ce in rera musu kaɗan. Na ce a'a, abin da ya kawo ni na gama. Ɗan jaridar ya cire tabarau ya ce in yafe masa, su a wurinsu uwa rawa take yi da sunan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Na ce babu komai, kowa da yadda uwarsa ta goya shi. Babanku dai har muka fito yana ta murɗa wata igiyar gita a yatsa.

Kafin tasi ta sauke mu labari ya riga mu isa. Lungu ya yi tsit, mata a ƙofofinsu kowa ta sami abin da take dubawa a ƙasa. Gwaggo Asabe tana zaune a kan dakalinmu.

"Sannu da dawowa, 'yar rediyo. Yaya sunan yake a baki? Da daɗi?"

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo," na shige.

Ku ji abin da ya ci mini, don kada ku ɗauka a banza aka yi. Kafin ranar, duk yarinyar da ta yi haihuwar fari a lungunan nan ni ake kira in zauna da ita kwanakin jego, in gaya mata yadda za ta riƙe kanta, me za ta ce, me ba za ta ce ba. Wannan girma ne, kuma na gaje shi daga uwata. Daga ranar aka daina aiko mini. Ba wanda ya zage ni, kawai sai in ji guɗa a gidan maƙwabta in san an kira wata. Gwaggo Asabe ta koma sayen waina a bakin titi, wainar da ko kare zai yi tunani kafin ya ci, kuma ba ta sake sa tawa a baki ba sai da ciwon ajali ya kwantar da ita, na kai mata ta karɓa. Yaran ma abin ya taɓa su. Da labarin uwa ya mutu, masu rubutu suka huce. Suka koma cewa faifan farko ne mai kyau, da ɗan gyara nan da can, a jira na gaba. Samarin Akwa suka sami wani abin bi. Ekwala ya daɗe yana wuce ƙofata kamar bai san ƙamshin waina ba. Sun yi na biyu, mutane kaɗan suka ji shi, daga nan aure da neman abinci suka raba su.

Juma'ar da ta biyo bayan rediyo, ina kwashe tuwo na ji sallamarsa. Ya durƙusa daga nesa kamar kullum.

"Adda, ina wuni."

"Lafiya. Ga abinci can."

Ya ci, ya sha ruwa, ya wanke hannu. Ba wanda ya ta da maganar Asabar, har yau ba mu ta da ita ba. Ya miƙe kamar zai tafi, sai ya tsaya a bakin madafa yana sosa ƙeya.

"Wai da gaske akwai baitin da na bari?"

Na juya masa baya na fuskanci tukunya, don ba zan iya ina kallonsa ba, na rera masa. Ya maimaita, ya kuskure, na gyara masa, ya sake, har ya zauna masa. Sunan kuwa ban ƙara kiransa ba tun daga ranar, sai yau da na faɗa wa Rabi sau ɗaya don ta rubuta.

Mutanen wancan lokaci sun ragu. Kakanku ya tafi, Gwaggo Asabe ta tafi, Allah ya jiƙansu da Hajiya Babba. Matar rediyon na ji an ce ta rasu, ɗan jaridar kuwa ban san inda ƙasa ta kai shi ba. Mari tana Yawunde tana koya wa yara kiɗa. Buba yana jan babbar mota zuwa arewa, in ya sauka yakan kawo mini man shanu. Ekwala ya yi tumbi, ya dawo cin wainata, har yanzu yana cewa na kashe musu kasuwa, ni kuma ina ce masa gangarsa ce ta gudu ta bar su. Zainabu tana Bonaberi da 'ya'yanta, ita ce shaidata in kuna shakka. Sai ni, da babanku, wanda furfura ta fara kama masa gemu. In kuna son sanin ko uwarsa ta ƙi shi, ku ajiye wayoyin nan ku je ku tambaye shi, yanzu ya san amsa.